Injin Bitrus da Daɓen Sharada

Na sha jin ku, musamman kai Auwalu da bakinka ba ya gajiya, kuna cewa da Baba ya sayar da filin Sharada lokacin da aka zo masa da tayi, da yanzu ba a Dorayi muke cunkushe ba. Ba ku yi ƙarya ba. Da na sayar, da wataƙila a gidan bene kuka tashi, ni kuma da ban ƙare ƙarfina a kan babur ina yawon gyaran janareto daga Bompai zuwa Dakata ba. Sai dai labarin da ke hannunku guntu ne. Mahaifiyarku ta san wani ɓangare, sauran kuwa ni da kakanku Malam Nuhu kaɗai muka sani, shi kuma ya tafi da nasa, Allah ya jiƙan sa. Tunda ido ya fara yi mini gardama, gara in rubuta muku shi yanzu yadda ya faru, har da wuraren da ban fito da kyau ba.

Shekara ashirin da 'yan kai na yi a wata masaƙa a Sharada, a sashen gyaran injuna. A can na haɗu da Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, wanda yake sashen rini. Dogo ne, mai dariya da ƙarfi, hannunsa kullum shuɗi ko ja gwargwadon atamfar da ake bugawa a makon. Bai iya riƙe sifana ba ko kaɗan. Ko kekensa ne ya saki sarƙa sai ya turo shi wajena yana cewa ga majinyaci ya kawo. Amma a ciniki ba a kama ƙafarsa, kuma mutum ne da idan ya ce maka ƙarfe bakwai, to bakwai saura za ka gan shi. Da masaƙar ta rufe aka sallame mu, kowa ya kama gabansa. Wasu suka koma gona a Jigawa, 'yan Nijar suka tattara suka yi arewa, wasu suka hau acaɓa. Ni na ɗauki abin da aka sallame ni da shi na sayi ɗan fili a can ƙarshen Sharada, na tayar da bango uku na rufa kwano. Bitrus kuma ya kai nasa wani kamfani da ya mutu a Bompai, ya sayo tsohon injin niƙa roba. Dabararsa ita ce masu tsintar fasassun bokitai da jarkoki da tsofaffin silifa su riƙa kawo masa, ya niƙe su ƙanana, ya sayar wa masu yin buta da takalma. Yana da inji ba shi da wuri, ina da wuri ba ni da abin sawa a ciki, sai ya kama hayar rumfata.

Ni na kafa masa injin, kuma daga nan komai ya faro. A masaƙa an koya mana yadda ake yi: a dasa ƙarafa masu zare a cikin daɓe, a ɗora inji a kai, a ɗaure da noti. Ranar da aka so canja masa wuri sai a kwance notin a ɗaga shi. Haka na yi da farko. To amma wannan injin tsoho ne mai taurin kai. Da an tayar da shi sai ya kama rawa, kwanon rufi ya amsa, maƙwabta su leƙo. Cikin mako guda ya sassauta notin nan sau uku. Ran nan na shigo na tarar da Bitrus tsaye yana kallon sa, ya riƙe ƙugu.

“Idi,” ya ce, “injin nan fa tafiya yake. Ina ganin zai riga ni isa gida.”

Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don a lokacin ina ji da kaina, ban yarda akwai ƙarfen da zai gagare ni a garin Kano ba. Washegari na sa aka janye injin, na haƙa rami har gwiwa, na shimfiɗa rodi, na mayar da injin na yi wa ƙafafunsa walda da rodin, sannan na kwaɓa kankare mai ƙarfi na zuba har sai da ƙafafun suka ɓace. Bayan ya bushe na tayar da bango na huɗu, na bar ƙofa daidai shigar mutum da buhu, saboda ɓarayin waya da ke addabar unguwar. Da muka tayar da shi, na ɗora kofin shayi a kansa, ko ɗigo bai zube ba. Bitrus ya tafa mini, ya ce lallai na cika injiniya. Ba wanda ya yi tunanin ranar fitar da shi, ni da na gina shi a ciki ma ban yi ba.

Shekaru shida injin nan yana ci da gidan Bitrus. Sai wata shekara gari ya rikice, irin rikicewar da ba na son tunawa. Bitrus ya kwashe matarsa Saratu da 'ya'yansu ya yi gida, ya bar mini makulli ya ce in abubuwa sun lafa zai dawo. Bai dawo ba. Ciwo ya kama shi a can, kafin shekara ta zagayo aka bugo mini waya ya rasu. Na yi wa Saratu ta'aziyya ta waya, na ce ina nan zuwa, ban kuwa je ba, kuma har yau wannan yana damu na. Hayarsa ta ƙare a ƙarshen shekarar, ba wanda ya yi maganar sabuntawa. Rumfa ta yi damina biyu a rufe. Nakan dai je lokaci-lokaci in zuba wa injin mai, in juya shi da hannu don kada ya ci tsatsa.

Ana nan sai wani Alhaji da ke da kamfanin robobi a jikin filina ya aiko yana nema na. Kasuwa ta buɗe masa, yana son faɗaɗawa. Muka shiga rumfar tare, ya zagaya injin, ya ƙwanƙwasa shi da makullin motarsa, ya taka daɓen, ya gyaɗa kai. Ya yi mini tayin da ban taɓa mafarkin ji ba, ya ce amma da injin a ciki, don shi ne ya fi ba shi sha'awa, wurin a shirye yake, gobe ma sai a fara aiki. Na ce masa injin ba nawa ba ne, na marigayi ne. Ya yi murmushi ya ce in je in ga lauyansa tukuna.

Ofishin lauyan yana Bompai, ɗaki mai sanyi har sai da na ji kunyar takalmina. Matashi ne, mai fara'a, bai raina ni ba. Ya tambaye ni ko injin a ajiye yake ko a kafe. Na ba shi labarin ramin da rodin da waldar, har ina ƙarawa da gishiri, don ina zaton yabon aikina zai yi. Ya tambaya ko za a iya fitar da shi ba tare da an fasa gini ba, na ce ko aljani ba zai iya ba. Ya tambaya ko hayar tana nan da rai, na ce ta daɗe da ƙarewa. Sai ya ajiye biro ya jingina.

“Malam Idi, doka abu biyu take dubawa: yadda aka kafa abu, da kuma dalilin kafa shi. Da noti ne yake riƙe da injin nan, sai mu ce kayan sana'ar ɗan haya ne, ya kwance abinsa ya tafi kafin hayarsa ta ƙare. To wannan an binne shi, an gine shi, haya ta ƙare ba wanda ya zo. Ya zama jikin ginin. Ginin jikin fili ne. Filin kuwa naka ne.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ko da ba ni na saya ba?”

“Ko da ba kai ka saya ba. Ƙarami idan ya haɗe da babba, sunan babban yake amsawa. Ba ka ga ƙauyukan da ke gefen birni ba? Rana ɗaya za a ja layi a taswira a ce sun shiga ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma, shi ke nan sun shiga. Har ƙasashe ma suna yi wa juna.”

Na ce ai na ƙasashe fin ƙarfi ne. Ya yi dariya ya ce gaskiya ne, wancan ƙwace ne, shi ya sa duniya ba ta amincewa da shi, amma nawa doka ce tsaf, ba inda za a kai ni a yi nasara.

Ba zan ɓoye muku ba, na fito daga ofishin nan ina jin kamar an sauke mini kaya. A kan babur har na gama gina gidan benen a kaina, na zaɓi launin fenti. Na riƙa maimaita maganar lauyan ina jin daɗinta: jikin gini, jikin fili, filin nawa. Kafin in iso Dorayi na haddace ta kamar karatu, kuma na shawo kan kaina cewa ba ni na yi hukuncin ba, doka ce ta yi.

Magana ba ta ɓuya a Sharada. Wani ɗan cocinsu Saratu yana aiki a kamfanin Alhajin, shi ya buga mata waya ya ce ana cinikin wurin. Kwana huɗu bayan nan sai ga ta a ƙofar gida da la'asar, ta sha hanya, ta rame, riƙe da ƙullin citta da galan ɗin zuma da ta kawo mana tsaraba. Mahaifiyarku ta rungume ta suka yi kuka. Bayan ta ci abinci ta huta, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muka zauna. Ta ce a garinsu roba ta yi yawa a bola ba mai niƙawa, ta samu wuri kusa da kasuwa, ta kuma yi magana da mai motar da zai ɗauko injin.

“Baban Auwalu, na zo ne a kan injin ɗan'uwanka. Shi ne abin da ya bar mana.”

Sai na gyara zama na karanta mata haddata, tun daga abu biyun da doka take dubawa har zuwa filin da yake nawa. Ban ɗaga murya ba, har da su “ki yi haƙuri” na sa a ciki. Na ce idan ciniki ya faɗa ba zan manta da ita da yara ba. Ta saurare ni har na gama, tana murza bakin zanenta.

“To,” ta ce. “Ni ban san doka ba. Shi dai da zai tafi ya ce mini in abu ya yi wuya in je wajen Idi.”

Ta tashi ta shiga ɗakin mahaifiyarku, inda za ta kwana uku kafin ta koma. Da mahaifiyarku ta kawo mini tuwo, ta dangwarar da kwanon har miya ta fantsalo. Kun san ta, ba ta da yawan magana, amma idan ta yi ɗaya takan isa.

“Malam, shekarunmu nawa tare, ban taɓa jin ka yi magana da bakin wani ba sai yau.”

Na ce mata harkar maza ce, ba ta gane ba. Ta ce haka ne, ta ɗauke butarta ta ba ni wuri.

A lokacin kakanku yana zaune tare da mu, a ɗakin da ke jikin zaure. Ya haura tamanin, gwiwa ta ƙi, amma kunne garau. Abokin hirarsa rediyo ne, ba labaran duniyar da ke wuce shi, ya san sunayen shugabannin ƙasashen da ni ban san suna nan ba. Tagar ɗakinsa tana kallon tsakar gida, saboda haka duk abin da aka faɗa ya ji, amma bai tanka ba. Sai da muka dawo daga sallar asuba, gari ya fara haske, ya tsaya a ƙofar zaure ya dogara sandarsa.

“Kai, tayar da babur ɗin nan. Challawa za ka kai ni.”

Na ce, “Baba, me za ku yi a Challawa da sassafen nan?”

“In mun je ka gani.”

Asalinmu can ne, wani ɗan ƙauye a kusa da kogi, wanda yanzu ko sunansa ba a ambata. Ina ɗan shekara bakwai muka taso, abin da nake iya tunawa kawai shi ne jaki ɗauke da tukwanen kakarku. Tun da muka taso Baba bai taɓa cewa a kai shi ba. Na ɗora shi a baya ya riƙe kafaɗata, muka bi ta cikin 'yan aikin safe da ke tururuwa a kan kekuna, da waɗanda suka kwana aiki suna fitowa ido jawur. Warin majema ya tare mu tun daga nesa. Ya riƙa nuna mini hanya da sandarsa, nan dama, nan hagu, kamar jiya ya bar wurin, alhali ba abin da ya rage sai katangu da manyan motoci. A bayan wani kamfanin jima ya ce in tsaya. Katanga ce doguwa da waya a samanta, ta can ciki kuma ga kan wata babbar tsamiya ya leƙo, ta yi 'ya'ya har rassanta sun sunkuya.

“Ka ga waccan? Ni na dasa ta, shekarar da na auri uwarka. Da tulu nake ɗebo mata ruwa daga kogi. Daga gindinta zuwa inda waccan motar take tsaye, duk gonarmu ce.”

Ya ci gaba, a hankali, ba tare da ɗaci a muryarsa ba. Ya ce da farko aiko musu aka yi cewa ƙauyensu ya koma ƙarƙashin wata hukuma, haraji ma wani wuri za su riƙa kaiwa. Ba wanda ya tambaye su, su ma ba su ga abin damuwa ba, tunda gona tana nan, kogi yana nan. Bayan 'yan shekaru sai ga ma'aikatan safiyo da turakun siminti, aka ce an shigar da yankin cikin filin masana'antu. Aka biya su diyyar dawar da ke tsaye a gona. Shi kuwa ya je wajen babban cikinsu ya ce ba ya ja da hukuma, abu ɗaya yake roƙo, a bar shi ya riƙa zuwa duk shekara yana kaɗar tsamiyarsa, don kunun gidansa da ita ake yi.

“Mutumin kirki ne,” in ji Baba. “Bai zage ni ba, har kujera ya ba ni. Ya ce, Malam, itace ƙasa yake bi, wanda ya karɓi ƙasa ya karɓi itace. Kuma ba ƙarya ya yi ba, takarda tana hannunsa. Na yi shekaru ina neman inda ya yi kuskure ban samu ba. Amma ka ga har yau ban sha kunun tsamiya ya yi mini daɗi ba.”

Wata mota ta wuce ta watsa mana hayaƙi. Ya jira ta yi nisa, sannan ya juyo ya dube ni sosai.

“Wa ya binne ƙafafun injin nan?”

“Ni ne, Baba.”

“Shi ya ce ka binne?”

“A'a. Rawa yake yi, shi ne na ga…”

“Da kake zuba kankaren, don ya zama naka kake zubawa?”

“Don ya daina rawa ne.”

“To. Ni da aka karɓe tawa, aƙalla ba mai karɓar ne ya dasa ta ba. Kai da hannunka ka ɗaure kayan abokinka a ƙasarka, da sunan taimako, yana tafa maka. Yau ya mutu ka ce ƙasa ta ci. Kullum muna jin rediyo tare, a ce wata babbar ƙasa ta shiga yankin maƙwabciyarta ta kafa tuta ta ce ai dama nata ne. Har tsaki kake yi. Su da sojoji suke yi, kai da siminti.”

Maganar ta shige ni, amma maimakon in sunkuyar da kai sai raina ya ɓaci. Na fara jero masa dalilai. Na ce yara suna girma, ɗaki biyu muke da shi, aikin janareto yau akwai gobe babu. Na ce Alhaji ba zai saya ba in babu injin, kuma irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Na ce zan ba Saratu rabonta. Ya bar ni na gama kaf, sannan ya ce ita ba rabo ta zo nema ba, kayanta ta zo ɗauka.

“Ni ban ce ka yi komai ba,” ya ƙara. “Filinka ne. Mayar da ni gida, rana ta fara zafi.”

A hanyar dawowa na yi ta faɗawa ramuka da gangan, Allah ya yafe mini. Shi dai sai ƙara riƙe kafaɗata yake yi. Da muka iso ya shige ɗakinsa ya kunna rediyo, bai sake tayar da zancen ba, ba a ranar ba, ba washegari ba. Wannan shirun nasa ya fi faɗa ciwo. Da ya yi mini tsawa ya ce in mayar, da na samu abin fakewa, in ce tsoho ne ya tilasta ni. Sai ya bar ni ni kaɗai da abina. Na koma wajen Alhaji na tambaye shi ko zai sayi filin ba injin. Shi ma bai yaudare ni ba. Ya ce in an fasa daɓe an rushe bango, kango zai saya, kuma mai filin da ke ɗaya gefen ya daɗe yana bin sa. Ya ba ni zuwa Juma'a in yi shawara. Ranar Alhamis da safe na tarar da Saratu ta ɗaure kayanta za ta tasha, tana yi wa mahaifiyarku godiyar masauki. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙullin nan nata, ƙarami, na ji ba zan iya barin ta ta fita haka ba. Na ce ta ajiye kayan, ta kira mai motar nan ta ce ya zo ranar Lahadi.

Kwana uku muka yi muna fasa daɓen, ni da lebura biyu, da guduma da diga. A nan na gane lallai na iya aiki, don ban taɓa tsine wa gwanintata irin ta waɗannan kwanakin ba. Kankaren ya ƙi ko gezau. Sai a yi duka goma kafin ɗan ɓalli ya tashi, leburorin suna tambaya wane mugu ne ya kwaɓa wannan, ni kuwa na yi kamar ban ji ba. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Saratu ta ƙi zama a gida. Ta samo tsohon kwano ta riƙa kwashe ɓaraguzai a ka tana zubarwa a waje, na hana ta ta ce ai aikinta ake yi. Da muka kai ga rodin na yanke shi da wuta, muka rushe bangon gaba, muka rataya sarƙa a turaku uku muka ɗaga injin. Na yi masa sababbin ƙafafu, na huda su, na ɗaure notin a leda na ba ta, na ce duk wanda zai kafa mata shi, ko rawar me injin zai yi, kada ta yarda ya kusance shi da siminti. A nan ne na fara jin dariyarta tun da ta zo.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Juma'a ta wuce, Alhaji ya sayi na ɗaya gefen, daga baya ya ƙara da na baya, katangarsa ta zagaye namu ta bar mana ɗan lungun da ko kurar ruwa ba ta shiga da daɗi. Ba wanda ya sake taya filin da daraja. Na yi baƙin ciki, ba sau ɗaya ba, musamman shekarun da kuke kwana ku biyar a ɗaki guda. Wanda ya ce muku yin daidai ba ya ciwo bai taɓa yi ba.

Ranar Lahadin da za a ɗora injin a mota, ina cikin ɗaure sarƙa sai na ga mai adaidaita ya tsaya, Baba ya sauko da sandarsa. Ba wanda ya gayyace shi. Aka ba shi benci a inuwa ya zauna yana kallo, bai ce a yi kaza ko a bar kaza ba. Da aka gama ɗaurewa, direba ya tayar da mota, Saratu ta zo gabana ta durƙusa tana godiya, tana sa mini albarka, tana cewa Bitrus bai yi kuskuren aboki ba. Na rasa inda zan sa fuskata, don na san abin da na karanta mata a tsakar gida kwana shida da suka wuce, ita ma ta sani. Daga nan ta juya wajen Baba ta durƙusa. Mace ce mai hankali, ta ga fitarmu da asubar nan, ta kuma ga yadda na dawo.

“Baba, na san ku ne kuka sa baki. Allah ya saka muku.”

Ga leburori, ga direba, ga masu gadin kamfanin Alhaji da suka taru kallo. Baba ya girgiza kai.

“Ni? Ni ban sa shi komai ba, 'yata. Idrisu ɗana ne. Tun yana ƙarami ba ya riƙe abin wani.”

Ni ɗan fari ne, kuma kakanku mutumin da ne. Shekarata arba'in da tara a lokacin, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, balle ya ce ni ɗansa ne a gaban mutane. Daga “kai” sai “wannan”, ko ya aika a kira “yaron nan”. Ranar da ya fara faɗa, sai ya faɗa don ya rufa mini asiri, ya ɗora mini halin da ya fi kowa sanin saura ƙiris in rasa shi. Na juya na kama sarƙar motar ina jijjigawa kamar ina duba ɗauri, alhali ɗaurin lafiya lau yake, ido ne ya cika.

Bai ƙara shekara biyu ba bayan nan. Bai kuma sake kiran sunana ba, sau ɗayan nan ne. Duk abin da kuka gani ina yi tun daga ranar, har wanda kuke kira taurin kai ko rashin wayo, ƙoƙari nake kada in mayar da tsohon nan maƙaryaci.